Kwalba Shida Zuwa Birtamod

Duk wanda ya taɓa shan giyar tamba a ƙauyenmu, can saman garin Phidim, ya san hannun Sanchamaya Lingden. Kowa yana dafa tamba ya tsima ta a tulu, amma ita idan ta tace ta ɗura a kwalba, sai ta ƙara rabin kofi na ruwan lemo ta toshe. Zaƙin lemon ke sake tayar da giyar. Bayan kwana goma ka buɗe, ga kumfa ga ƙamshi. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ban ga mai taurin kai irinta ba, kuma a haka nake ƙaunarta.

Bishiyar lemo ɗaya take tsinka, wadda mahaifiyarsu ta dasa a iyakar gona. A kanta suka ɓata da yayanta Tekbir, shi ya ce a sare, ita ta ce sai dai a haɗa da ita. Ya tattara ya sauka garin Birtamod can ƙasan tudu, shekara tara ko gaisuwa babu. Bana muka ji ciwo ya kwantar da shi.

A wurinmu ƙarami ba ya zuwa neman sulhu hannu rabbana. Kwalba zai ajiye gaban babba, ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa. In babban ya sha, magana ta mutu. Sanchamaya ta ɗura shida, kuma saboda na yayanta ne, ta ninka lemon. Ni na raka ta.

Mu mutanen tudu ne, giyarmu cikin sanyi take kwana. Ko ɗayanmu bai tuna zafin ƙasan tudu ba. Muna gangarowa a mota da rana tsaka sai muka ji "tau!" a ƙarƙashin kujera. Direba ya taka birki, ya ɗauka taya ce.

"Iya, yaƙi za ki ne?" in ji shi, da ya ga kumfa na bin ƙafafun fasinja.

"Ja motarka, ɗan nan, ba kai aka kawo wa ba," in ji Sanchamaya.

Kafin mu isa, biyar sun fashe. Ta shidan ta naɗe da jiƙaƙƙen mayafi ta rungume. Ranar na fara ganin tsoro a fuskarta.

Mun tarar da Tekbir a kujera, ya rame ƙwarai. Ta ajiye kwalbar, ta durƙusa. Da ya murɗe marfin, giyar ta yi tsiri har rufi, ta wanke su duka biyun. Abin da ya saura a gindin kwalba bai fi kurɓi ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallonsa, ita kuma goshinta na kan ƙafarsa. Can ya ɗaga ya shanye, ya yamutsa fuska.

"Lemon Inna ne wannan. Har yanzu da ɗan tsaminsa."

"Kai ka ce a sare ta, Yaya."

"Gara da kika ƙi. Tashi haka nan, Sancha, kin jiƙa mini ƙafa."