Dokar Rumfata

Taubashina ya ɗauke abin da aka fara a rumfata, ya kai shi Dogon Dutsi, ya sa masa sunan Faransanci, sannan ya hana tsohon da aka fara da shi shiga. Laifin ke nan. Shi mushe ne, wato malamin boko, ya tsufa yana koyarwa a lakwal. Ni na bar benci da wuri, na kama gyaran moto, wato babur, a Matankari.

Rumfar tana da inuwa, shi ya sa mutane ke zama. Akwai malamin allo, da malamin mishan mai kawo mini tsohon motonsa, da wani tsoho mai goge da ke kaɗa wa ƴan bori. Wata rana malaman biyu suka kaure da gardama kan Annabi Isa, kowa na magana ba mai saurare, har suka ture mini kwanon baƙin mai. Na ce ni ban gane komai ba, kuma rumfa tawa ce. Daga yau duk mai son ƙaryata wani sai ya fara maimaita maganarsa, har mai ita ya ce, "Haka na ce." Ba hikima ba ce. Kaina ne ba ya ɗauka da sauri.

Dokar ta zauna. Malamin allo sai ya yi gumi kafin ya faɗi abin da ɗan mishan ya yarda da shi bai murguɗa ba. Tsohon da aka saba yi wa dariya, sai ga su suna maimaita zancen doguwa, aljanar gidansu, yana gyara musu. Ba wanda ya bar addininsa. An dai daina cewa kafiri a wurin, aka koma tambayar dalili.

Taubashina ya zo daga baya, da ya bar aiki. Yana shan shayina yana ce mini bawansa, ina ce masa ci-alli. Ya ce abin nan ya fi ƙarfin rumfa. Ya kafa ƙungiya, aka ba su zaure da kujeru da lasifika.

Ranar buɗewa na goyo tsoho a moto. Taubashi ya tare mu a ƙofa cikin babbar riga.

"Kai shiga, bawana. Baba ya jira a inuwa, a kai mishi ruwa."

"Don mi?"

"Limamai da fastoci na ciki, da ƙyar na haɗa su. In sun ga ɗan bori tashi za su yi, aiki ya lalace. A bi a hankali."

Tsoho ya koma ya tsuguna kusa da moto.

Wataƙila gaskiya taubashi ya faɗa game da limaman. Ƙungiyar tana nan, ana jin su a rediyo. Tsoho ya rasu. Ni har yau ban taka zauren ba.

A ƙofar nan dai, ranar buɗewar, na ce wa taubashi, "Mushe, bari in bi doka. Ka ce haƙuri da juna na masu littafi ne kaɗai, mai goge ya sha ruwa a waje. Haka ka ce?"

Ya ce ba haka yake nufi ba.

Na ce, "To sake faɗi, ina tsaye. Ran da ka samo maganar da za ka iya faɗa wa tsohon nan ido da ido, ka aiko, in shigo."