Baƙon Sati Biyu da Lambar Haraji

Kakana na wajen uwa malamin makaranta ne a Sakkwato. Da ya yi ritaya, kakata kuma ta rasu, sai ya zo Tawa ta Nijar wurinmu da cewa sati biyu zai yi. Shekara takwas bayan nan yana nan, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ai shi baƙo ne, gobe-jibi zai koma. Baƙon da ya gina akurki uku a bayan gidanmu, kajinsa sun hana ni barcin rana tun ina budurwa!

Wata makarantar kwana ta so ta riƙa sayen ƙwansa, amma suka ce sai ya kawo lambar haraji, wato lanho kamar yadda muke cewa nan. Tsoho ya murje ido. Ya ce shi haraji ya biya shi shekara talatin da biyar a ƙasarsu, ba zai zo garin mutane a liƙa masa lamba sai ka ce kabu-kabu ba. Na ce to angona, zauna ka ci ƙwanka har ka fara cara. Ya kira ni mummunar mata, ya ce ya sake ni. Kwana uku ƙwai na taruwa a kwano cikin zafin nan namu, ran na huɗu ya sa babbar riga ya ce in raka shi.

A biro, wato ofishin haraji, ma'aikacin ya ce abu ne mai sauƙi, takarda ɗaya ta rage, wadda mai unguwa zai shaida cewa mazaunin Tawa ne. Nan aka yi ta. Kaka ya nemi a rubuta masa "baƙo mai daɗewa". Mutumin ya ce babu gurbin wannan. Ya nemi lamba ta wucin gadi, aka ce ba a yi. Har Turanci ya juye wa bawan Allah, shi kuwa ya mayar masa da Faransanci, ni ina tsakiya kunya kamar in nutse.

Mai unguwar abokin dararsa ne, kullum suna tare bayan la'asar. Da ya ji abin da ya kawo mu ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ba zai sa hannu ba sai tsoho ya faɗa da bakinsa, don shekara takwas yana cin sa dara da sunan baƙo. Na ɗauka faɗa za a yi. Sai na ga kakana yana murza hula.

"Can ɗin wa na bari?" in ji shi. "Rubuta. Nan nike."

Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni, na kasa ko tsokanarsa.

A hanyar gida ya ce kada mu hau babur, mu taka. Muka wuce kwanar gidanmu bai tsaya ba. Na tambaye shi ina kuma za mu. Ya ce in nuna masa maƙabartar unguwa, bai taɓa kallonta da idon mai gida ba. Ya daɗe tsaye bakin katanga, sannan ya ce inuwa ta yi kaɗan, zai yi wa mai unguwa magana.