Ƙullin Dawa Zuwa Wata Duniya

Ni na jawo wa kaina, da shegen surutu irin na malamin makaranta. Wata Juma'a na hau acaɓa daga Ikara, inda nake koyar da kimiyya, na je Dandamisa gaida kakata. Na same ta tsakar gida tana shanya zangarniyar dawa. Wata jar kaura ce da ta gada wajen uwarta, tana shuka kunya biyu a bayan gida duk damina. Mutanen gidan duk sun koma masara da rake, ita kuma gwiwa ta fara ƙi. Ta sha roƙon jikoki wani ya karɓi irin kada ya ɓace, kowa ya zille, har da ni.

Da na ga za ta ɗauko zancen, sai na zaro waya na nuna mata zanen wata duniya da masana suka gano tana kewaya wani tauraro. Na ce ba ganin ta suke yi ba, hasken tauraron ne kan ɗan dushe idan ta gifta. Abin da suke nema kuwa, wadda ba ta matsa kusa da wuta ba, ba ta kuma yi nisa ba, don ruwa ya zauna. Ta ce ai wannan duk mai dafa mazarƙwaila ya sani.

Ta tambaya ko akwai mai noma a can. Na ce ba a ga kowa ba tukuna. Wuta-wuta fa, mai kashe dawa? Na ce babu labarinta. Sai ta shiga ɗaka ta fito da tsumma, ta ƙulle iri tafi guda.

"Ungo, maigida, ka ba masu tafiyar. Ba a tarewa a sabon wuri babu iri."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce jirgin da ya fi kowanne gudu ma sai ya kwashe dubban shekaru a hanya, kuma ba a ƙera na zuwa can ba. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce iri dai ba ya jira a tsumma, in ya daɗe ƙwari su cinye ko ya mutu.

"Sai ka riƙa shukawa kana sabuntawa, kafin su shirya."

Da duk karatuna, tsohuwa ta yi mini ƙofar rago. Na sa ƙullin a aljihu ina ƙunƙuni.

Damina biyu bayan nan ta rasu, kuma har yau ina kewarta. Kunya biyu na nan a bayan gidana, maƙwabta na tsokanata wai yaushe jirgi zai tashi. Nakan ce musu ana nan ana shiri. Bana ma da na girbe, na ware tafi guda na ƙulle a tsummanta.