Mai Zanen Dodanni na Tafo

Zuberu, mutumin unguwar Tafo, ya yi suna a Kumasi tun zamanin gidajen bidiyo, da zanen tallan fim a kan buhun fulawa. Za a faɗa masa sunan fim, shi kuma ya zana abin da zai ja mutane. Bai taɓa kallon ko ɗaya ba, kuma bai ɗauki wannan abin kunya ba. A sana'ar, in fim na ban tsoro ne, sai a ƙara jini, a tsawaita haƙora, a jefa maciji ko da babu maciji a ciki. Masu gidajen kallo daga Ayigya har Atonsu suna layi a ƙofarsa.

Da wayoyi suka zo, kasuwar ta mutu. Zuberu ya koma zana kawunan aski a allunan shaguna da rubuta sunan Allah a bayan motocin haya na trotro. Bai yi ƙorafi ba, mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Matarsa ce mai surutun gidan, da ta rasu sai gidan ya yi tsit, daga shi sai autarsu Nasira, 'yar shekara goma sha biyar.

Nasira ta fara ƙin makaranta. Takan wuni a ɗaki da waya, tana kallon wani katun na Japan a kan 'yan makaranta da fatalwar wata yarinya da ake cewa tana zaune a ajin da aka rufe. Yayar marigayiya, Mamuna, ta zo daga Atonsu ta ga halin da ake ciki.

"Zuberu, yarinyan ga na lalacewa paa," in ji ta. "Ka ba ni ita kawai."

Zuberu ba ya son rabuwa da 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa. Amma bai san ta inda zai fara mata magana ba. Wata safiya ya leƙa wayar ta kafaɗarta, ya ga yarinya mai dogon gashi da manyan idanu. Ya tambaya ko fim ɗin na ban tsoro ne, ta ce e. Wannan ya ishe shi. Ya nemo buhun fulawa a gidan burodi, ya wanke, ya shanya, ya yi ta aiki kamar a shekarunsa na tashe. A zanen ya ba yarinyar fim ɗin farata, ya tsaga mata baki har kunne, ya zuba jini a kan rigar makarantarta. Macijin ma bai manta ba.

Da ya baza buhun a tsakar gida, Nasira ta daɗe tana kallo.

"Baaba, ba ta cin kowa fa," ta ce. "'Yan ajinsu ne suka daina mata magana, har ta ɓace. Ni saboda ita nake kallo."

Sannan ta yi masa godiya, irin ta ladabi da ake yi wa baƙo. Ranar Lahadi ta haɗa kayanta da kanta, ta bi Mamuna.

Bayan mako guda Zuberu ya roƙi Fadil mai gyaran waya ya saka masa katun ɗin. Ba ya jin Japananci, rubutun Turancin da ke ƙasa kuma ya fi shi sauri, amma mai zane ba ya buƙatar fassarar fuska. Ya kalla har ƙarshe a shagonsa, fenti na bushewa a gwangwani. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa a kowane kashi, tana jiran wani ya juyo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan la'asar ya kira Atonsu. Mamuna ta ɗauka, ya ji ta kira sunan Nasira, amma Nasira ba ta zo ta karɓi wayar ba.

"Ta ce a gaishe ka," in ji Mamuna.