Makullin Fuatino

Fuatino 'yar ƙanen babana ce, kuma tun da na san ta ban taɓa jin ta ce wa babba a'a ba. A ƙauyenmu na tsibirin Savai'i haka ake tarbiyya, amma tata ta wuce misali. In Goggo Tolua ta aike ta ta kankare kwakwa, Kawu Lemalu ya tare ta a hanya ya ce ta leƙa gonar gwaza, Fasto Esekia ya hango ta ya ce a share coci, duk ukun za ta ce "to". Abin haushin shi ne duk ukun za ta gama su kafin rana ta take.

A gida irin namu, mai ginshiƙai da rufi ba bango, babu wurin ɓuya. In ka zauna an gan ka, in an gan ka an tuna da wani aiki. A haka Fuatino ta kai shekara ashirin da shida, tana karatu a tsaye tana juya tukunya, har ta ci jarrabawa ta samu tallafin yin digiri a Ostareliya.

Ranar Lahadi bayan an ci abinci dangi suka zauna don su zaɓa mata abin da take so. Kawu Lemalu, shugaban danginmu, ya ce shari'a za ta karanta, domin shekara ashirin ke nan muna rigimar iyakar gona da maƙwabta.

"To, Kawu," in ji ta.

Goggo Tolua ta miƙe ƙafa, ta nuna gwiwarta da ta kumbura, ta ce gida ba nas ai ba gida ba ne.

"To, Goggo."

Kowa ya zaci Fasto zai yi maganar tauhidi. Sai ya ce noma, saboda ƙwaro ya kusa gamawa da kwakwar coci. Shi ma ya samu nasa "to" ɗin, aka yi addu'a aka watse, kowa yana ganin shi ya yi nasara.

Washegari ta same ni a makarantar firamare inda nake koyarwa, don a nan kaɗai ake da kwamfuta.

"Yaya, na ce to sau uku."

"Ai na ji. Sai ki raba kanki uku, ki tura kowane kashi ajinsa."

Ba ta yi dariya ba. Kwana huɗu tana bincike, sai ga shi ta gano akwai digirin da ake kira haɗin fannoni: ka ɗebi shari'a kaɗan, ka ɗebi kiwon lafiya kaɗan, ka ƙara da noma, a ba ka takarda guda. Na ce lalle wanda ya ƙirƙiro wannan karatu yana da kawunai da yawa.

Saura zaɓen makaranta. Guda huɗu ta samu masu irin wannan digiri. Ni malama ce, sai na shiga duba wadda ta fi suna da yawan littattafai. Ita kuwa taswira ta shimfiɗa, ta ɗauki biro. Ta soke Sydney, don can 'yar Goggo take da yara biyar ba mai raino. Ta soke Brisbane, inda ɗan Kawu yake neman mai dafa wa ƙungiyar mawaƙan coci abinci. Melbourne ba ta ma tsaya bayani ba, danginmu a can sun isa ƙauye guda. Abin da ya rage wata ƙaramar makaranta ce a tsibirin Tasmania, can ƙarshen kudancin ƙasar.

"Ke, wannan ita ce ta ƙarshe a jeri," na ce. "Ga sanyi. Da zani za ki je?"

Ta juyo mini da hoton ɗakin kwanan ɗalibai. Gado ɗaya, teburi ɗaya, taga. Ta ɗora yatsa a kan ƙofar.

"Yaya, duba. Daga ciki ake kullewa."

Tausayinta ya kama ni, da kunya kuma, don ni ma ba sau ɗaya ba na aike ta. Ga manya dai cewa muka yi makarantar ta fi kowace natsuwa, kuma ba ƙarya muka yi ba.

Shekara uku ta yi. In ta bugo waya ba ta maganar darasi sai in an tambaya. Abin da ta fi faɗa mini shi ne, "Yaya, ran Asabar na kai ƙarfe tara ina barci, kuma ba wanda ya mutu."

Ranar da ta dawo aka rataya mata sarƙar alewa da furanni har idonta kawai ake gani. Kafin Kawu ya miƙe da sandarsa ya yi jawabi, sai ya jawo ni gefe.

"Me za mu kira ta? Lauya?"

"Ba lauya ba ce, Kawu."

"Nas?"

"Ba nas ba ce."

"To shekara uku me ta je yi?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya gyaɗa kai, ya fita gaban jama'a ya ce wasu dangin suna tura 'ya'yansu su karanto abu ɗaya tak, mu tamu ta karanto komai. Da safe layi ya kai bakin teku: mai takardar gona, mai hawan jini, wanda aladensa ba ya cin abinci, har da wanda rediyonsa ya lalace.

Amma a yi wa dangi adalci. Don su girmama ta, sun gina mata ofis kusa da coci, da bulo, da ƙofar katako mai kauri, Kawu da kansa ya miƙa mata makullin. Ranar na ga Fuatino ta yi kukan murna. Kullum bayan cin abincin rana takan kulle kanta na awa ɗaya. Mutane suka fara tambayar me take ɓoyewa, ko mu ne muke wari.

Mako biyar ƙofar ta yi. Aka zo bikin cikar coci shekara ɗari, baƙi suka yi yawa, tebura suka gaza. Kawu ya dubi ƙofar, ya ƙwanƙwasa katakon ya ji ingancinsa.

"Fuatino, a ara mana wannan zuwa gobe."

Ina tsaye a wurin. Na ga bakinta ya buɗe, ya rufe.

"To, Kawu."

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Ƙofar tana kicin ɗin Goggo a kan duwatsu huɗu. Rigimar gona ta mutu, gwiwa ta yi sauƙi, kwakwar coci ta farfaɗo, kuma kowa ya yarda shawararsa ce ta yi aiki. Makon jiya na ce mata ta je ta karɓo kayanta mana, ai da sunanta aka yi.

"In na karɓo, Yaya, a kan me Goggo za ta gyara kifi?"

Daga can waje wani ya kira sunanta. Ta kai hannu wuya ta taɓa makullin, wanda har yau yake rataye a zare a cikin rigarta, ta miƙe.

"To, ina zuwa."