Kiran Sallar da Kunne Ɗaya Ya Ji

Assalamu alaikum. Shekara biyu ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko Baba Ladan na unguwar Alabar ya rasu, ina nan da raina. Kunya ce ta ɓoye ni. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga makarantar manya ta yamma.

Daga wuyana abin ya fara. Ina kiran la'asar, sai na ji kaina yana juyawa hagu shi kaɗai. Kafin shekara, haɓata ta kwanta a kafaɗa. Aka ce iska ce, aka ce jifa ne. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi. Daga baya likita ya ce sunanta distoniya, ƙwaƙwalwa ce ke aika wa jijiyoyi saƙon da ba daidai ba. Ƙwayoyi da allura duk suka gaza.

Muka sayar da filinmu na Buokrom, aka kai ni Indiya. Aka huda ƙoƙon kaina, aka zura waya biyu, aka binne batir a ƙirjina. A hankali wuyana ya miƙe, na koma gaban lasifika.

Shekara takwas ke nan. Abin da ya biyo baya ne ban faɗa muku ba.

Batirin sai da caji. Ranar da aka ɗauke wuta, gabana faɗuwa yake yi. Takuna ya gajarce. Rubutun da na koya da ƙyar ya koma ƙanana kamar tururuwa. Sannan harshena ya yi nauyi. Likita ya ce wutar da ke riƙe wuyan ita ce ke taɓa maganar.

Wata rana liman ya zo gida. Ya daɗe yana zancen tsadar siminti kafin ya ce, "Baba, jama'a sun ce ka huta haka."

Tun ranar, daga ɗaki nake amsa kiran wani.

Sai 'yata Hawa ta samu ciki bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Ta ce, "Baba, kai za ka yi huɗuba a kunnen ɗan nan, ba wani ba."

Nan na yi wauta. Akwai ɗan rimot da aka ba ni, na rage wutar a ɓoye. Kwana biyu muryata ta washe, na yi ta gwada ta ina kuka. Kwana na biyar wuyan ya murɗe fiye da dā. Ko kofin koko na kasa kaiwa baki.

Matata Adisa ta ce, "Alhaji, rediyo ma ba ka iya gyarawa, kanka ka samu ka murɗa?" Tana faɗa tana share hawaye.

Likita ya ce, "Ba zan iya ba ka duka biyun cikakku ba. Wuya ko murya?"

Na ce wuya. Da karkataccen wuya bakina ba zai kai kunnen jariri ba. Likita ya mayar da wutar yadda take, sati uku ina kwance kafin wuyan ya lafa.

Ranar Talata Hawa ta haihu, mace. Na ce a kira liman, ni ba ni da muryar.

Daga kan gado Hawa ta ce, "Baba, kunnenta fa a nan yake, ba a kasuwa ba. Wa ya ce sai da lasifika?"

Aka ɗora min jaririyar. Na sunkuya, wuyan ya yarda. Na yi kiran a kunnen dama, na yi iƙama a hagu. Kalmomin suka fito da nauyi, amma babu wadda ta faɗi. Ta buɗe ido ta dube ni.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Adisa da likitocina da duk wanda ya tambaye ni.

Wanda wuyansa ko hannunsa ke murɗewa, ya je asibiti da wuri. Wanda za a sa wa na'urar nan, ya tambayi abin da za ta karɓa, ba abin da za ta bayar kaɗai ba. Kuma kada ka taɓa rimot sai da izinin likita.

Ba zan sake kiran Alabar sallah ba, na sani. Amma kiran farko da jikata ta ji a duniya, nawa ne.