Kujerar Juma'a

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa Najeriya, duk wanda gwamnati ta turo kwas London burinsa ɗaya ne, ya koma gida da sabuwar mota. Mutum zai yi ta fama da shayi da burodi, ya ƙi sayen rigar sanyi ta kirki, don dai ya tara abin da zai yi odar mota mai sitiyari a hagu a loda masa ita a jirgin ruwa. In aka haɗu gidan suna hirar ke nan: wace iri, wane launi, yaushe za ta sauka Legas. Ni ma ina tarawa, kuma mai ɗakina har ta zaɓi launi, ruwan toka. Amma a lokacin ina da wata 'yar tsohuwar mota ja da na saya a hannun wani mai raba madara a Barking, inda muke haya.

Ma'aikatar gona ce ta turo ni. Kafin nan na yi shekaru ina tuƙa jif ɗin ma'aikata a hanyoyin ƙauye tsakanin Funtuwa da Birnin Gwari, da damina, inda in ka kuskura ka taka birki a taɓo sai an tara maka majiya ƙarfi sun ciro ka. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin gwaninta ba. Maƙwabcina ne, wani Bature mai gyaran famfo, ya ga yadda na fitar da motata daga santsin ƙanƙara wata safiya, alhali duk layin kowa tayarsa sai juyawa take a wuri ɗaya. Ya ce ran Lahadi in biyo shi zai nuna mini wani abu.

Wata gona ya kai ni a bayan gari. An girbe alkama, an kakkafa tutoci an yi hanya mai lanƙwasa a cikin kututturan. Motoci bibbiyu ake saki, su zagaya, wani yana riƙe da agogo, wanda ya fi sauri shi ya ci. Ba 'yan tseren gaske ba ne, mahauta ne da malaman makaranta da direbobin bas, kowa da hular kwano a ka. Na tsaya ina kallon yadda manya da gemunsu suke ta wulwulawa a taɓo, sai dariya ta kama ni. Na ce wa maƙwabcina wannan ai hanyar zuwa aiki ce a wurinmu. Ya ce to in shigo in nuna musu. Ni kuwa ba a yi mini irin wannan maganar in kwana. Mako biyu bayan nan na yi rajista, na ari hula.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wasan nan cin mota yake. Gona ba kwalta ba ce. Taya sai ka ga ta ƙare kamar an goge ta da dutse, shakazoba ta fara zubar da mai, lagireto ya toshe da laka har injin ya ɗau zafi. Salansa kuwa ban san sau nawa na baro ta a gonar mutane ba, in koma da ƙafa in ɗauko ta tana ƙuna. Warin kuloci ya zama turarena. Ga kuɗin shiga, ga fetur, kuma abin haushi, man da ya sa aka ƙara mana alawus daga gida shi ne ya sa fetur ya yi tashin gwauron zabi a London. Abin da ya shigo ta aljihun dama sai ya fita ta na hagu. Sauran 'yan wasan yawancinsu a tirela suke jawo motar tseren, in ta lalace su jefar da ita a gareji sai sun samu sukuni. Ni mota ɗaya gare ni, kuma tana da aiki ran Juma'a.

Aikin shi ne Baba. Wani dattijo ne mutumin zangon Kumasi, ya yi rayuwarsa yana dafa abinci a jiragen ruwa, tsufa ya ajiye shi a wani ɗan ɗaki na gidajen hukuma bayan layinmu, ba mata ba ɗa. Gwiwoyinsa sun ƙi. Wata Juma'a na gan shi a bakin tashar jirgin ƙasa ya tsaya yana kallon matakala, darduma a kafaɗa, ana yayyafi. Na tsaya na ɗauke shi zuwa masallacin Whitechapel. A hanya ya ce mini da irin Hausarsu, wadda komai namiji ne a cikinta, "Yau na yi niyya in sallami Juma'a ke nan. Ƙafan nan ya gaji."

Na ce, "Baba, in dai ina garin nan, ba za ka ƙara rasa Juma'a ba."

Bakina ne ya riga ni, kamar yadda ya saba. Amma na riga na faɗa, kuma shi bai yi mini godiya mai yawa ba, ya dai gyaɗa kai kamar wanda aka ƙulla ciniki da shi.

To haka makona ya koma. Ran Asabar in kwance kujerar gaba da ta baya don motar ta yi sauƙi. Lahadi in je in karya abin da zan karya. Daga Litinin zuwa Alhamis, in na taso daga aji, ina kwance a ƙarƙashinta a bakin titi, ko ina yawon makabartar motoci neman kayan gyara. Alhamis da yamma in wanke laka, in mayar da kujerar gaba in ɗaure notinta. Tsakanin nan kujerar a falonmu take zama, don babu inda za a sa ta. Mai ɗakina ta yi mita har ta gaji, daga baya ta yi mata shimfiɗa da wani tsohon zane, in baƙi suka zo ta ce, "Ban da wannan, ta Baba ce." Wani likita babban yayanmu a garin, wanda tasa motar tana can a rufe da tamfol tana jiran jirgi, ya ce mini a gaban jama'a, "Kowa yana tara mota, kai kana rarraba taka a gonakin Turawa." Aka yi dariya, na ji zafi, na ce ai tawa ko ba komai tana kai mutane masallaci. Daga nan bai sake ba.

Gaskiya ina son wasan nan. Ina son lokacin da bayan motar zai zame, in juya sitiyari ta inda take zamewa in ƙara mata wuta ta miƙe. Ina son yadda mutanen da da farko suke kallona a kaikaice suka koma zuwa suna tambayata ta ina zan bi kwanar can. Suna ganina in shimfiɗa darduma a gefen shinge in yi Azahar, har wani mahauci ya riƙa tare mini karensa. Kuma duk wannan ɓarnar, ba a taɓa yin Juma'ar da Baba ya fito bai same ni ba. Wannan na fi alfahari da shi fiye da duk wani lokaci da agogo ya nuna.

Wasan ƙarshe na shekarar ya zo muna kunnen doki da wani malamin makaranta a rukunin ƙananan motoci. Wanda ya fi sauri ranar shi zai ɗau kofi. Baba ya ce sai ya je ya ga abin da yake hana motarsa hutawa. Don haka ranar ban cire kujerarsa a gida ba, sai da muka isa gonar na kwance ta na ajiye masa a kan ciyawa bayan igiya. Ya zauna a kanta da farar rigarsa, mai ɗakina ta riƙe masa laima, ita ta biyo maƙwabcina da matarsa a motar aikinsa. Ruwa aka kwana ana yi, gonar ta zama kunu.

A zagayen farko na ji abin da ba na son ji. Duk in na karya kwana sai ƙafar motar ta gaba ta hagu ta yi ƙas-ƙas-ƙas, giya ta biyu kuma ta fara fita da kanta. Maƙwabcina ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana goge hannu. Ya ce in na lallaɓa ta za ta gama ta kai mu gida, in kuwa na matsa mata, to in manta da ita. Malamin makarantar ya riga ya ɗan wuce ni.

Na je na tsuguna gaban Baba na gaya masa yadda ake ciki. Na ce, "In na taka ta, Baba, ƙila ba mota ran Juma'a."

Ya dube ni ta ƙarƙashin laima. "Ni na zo nan cikin ruwa in ga kana tafiya a hankali? A hankali ai ni ma na iya."

"Juma'a fa?"

"Yau Lahadi ne, ɗana. Taka shi."

Na taka ta. Hannu ɗaya na danne giya don kada ta fita, ɗayan a sitiyari, laka ta rufe gilashi sai ɗan wurin da nake leƙawa. A kwanar ƙasa, inda ruwa ya taru kowa yake taka birki, ban taɓa shi ba. Na bar ta ta zame da gefe, na ƙara wuta, ta fita kamar ta san hanyar Birnin Gwari. Ƙarar ƙafar nan ta koma kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Ina wuce tutar ƙarshe wani abu ya ce ɓas a ƙasa, injin yana ihu motar ba ta tafiya. Ta gangara ta tsaya. Mai agogo ya ɗaga mini babban yatsa.

Kofin da aka ba ni bai fi na shan shayi girma ba. Na kai wa Baba, ya jujjuya shi, ya ce a jirgi da irinsa suke auna gishiri. Amma bai sake shi ba har muka iso gida. Wani ya taimaka ya ɗora motar a tirelarsa, mu kuma muka cusu a motar aikin maƙwabcina, ni a baya cikin bututu na rungume kujera.

Ran Litinin muka buɗe motar, sai muka tarar ba ƙafa kaɗai ba ce, akwatin giya ya tarwatse, kuma a irin motar nan shi da injin a haɗe suke. Na yi ta yawo sai a wata makabartar motoci a Edmonton na samu cikakke. Mutumin ya faɗi kuɗinsa, sun fi ƙarfin aljihuna. Alawus sai ƙarshen wata. Abin da ke akwai kawai shi ne na sabuwar mota, kuma in aka taɓa shi odar bana ta wuce. Na dawo gida na zauna. Motar nan mai ruwan toka mai ɗakina ta fi ni ɗokinta, har ta rubuta wa ƙannenta.

Ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, Baba ya san motar ta mutu?"

"Ya sani, a gabansa aka yi."

"Ya ce an yi cancel ɗin Juma'ar nan?"

"Bai ce ba."

"To me kake jira?" Ta juya za ta koma kicin, sai ta ƙara da cewa, "Dama launin nan bai gama kwanta mini ba."

Na san ba gaskiya ta faɗa ba, kuma ban taɓa son ta kamar ranar ba.

Kwanakin da suka rage a bakin titi muka yi su ni da maƙwabcina, cikin yayyafi, da aron sarƙar ɗaga inji. Na fasa zuwa aji. Yatsuna suka farfashe, na zagi kowane noti da sunansa. Har safiyar Juma'a ba ta tashi ba, sai tari take. Rana ta fara ɗagawa, ni kuma zuciyata ta fara tafasa, saura kaɗan in ɗau guduma. Can ta kama, ta yi hayaƙi, ta daidaita. Na shiga falo na ɗauko kujerar na ɗaure ta, na yi alwala da baƙin mai a farce, na zura riga.

Da na karyo layinsu, Baba yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, darduma a kafaɗa. Bai aiko ya tambaya ba duk makon, bai nemi wata hanya ba. Ya shiga a hankali ya gyara zama, ya kasa kunne, ya ce, "Muryansa ya canja." Mun isa liman bai hau mumbari ba.

Asusun sabuwar motar nan bai sake cika ba, don shekarar da ta biyo ma gonaki sun ci rabonsu. Baba ya rasu da sanyin da zan gama kwas, bayan 'yar gajeriyar jinya, kuma har ya kwanta bai rasa Juma'a ko ɗaya ba. Motar na bar wa maƙwabcina, amma na kwance kujerar gaba.

Da muka dawo gida 'yan'uwa suka yi ta tambayar yaushe mota za ta iso. Da kayanmu suka sauka aka buɗe akwatin katako, sai ga kujera. An daɗe ana yi mini tsiya, wai kowa ya kawo mota ni na kawo mazauni, sauran sai na sake komawa. Ban taɓa jin kunya ba.

Tana nan a zaurena, fatar ta tsattsage, an sa mata ƙafafun katako. Yanzu nawa gwiwoyin ne suka ƙi, kuma babban ɗana ne yake zuwa ɗaukata. Duk Juma'a tun da hantsi nake shiryawa in fito in zauna a kanta, darduma a kafaɗa. Wani lokaci yakan makara, uwarsa ta ce bari ta kira shi ta ji. Sai in ce ta bar shi, zai zo.